Babi Na Uku: Suturar Maharba Da 'Yan Farauta A Lokacin Hunturu A Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin asalin sana'ar farauta da matsayin maharba a ƙasar Hausa. A wannan babi kuwa za a dubi irin suturar da maharba da 'yan farauta na ƙasar Funtuwa da Malumfashi suke sawa domin kare kansu daga ɗari, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau. Abin da babin yake son nunawa shi ne, suturar maharbi ta bi sawun tattalin arzikin yankin ne. A lokacin da ƙasar take kaɗa audugarta ta saƙa, take jeme fatunta ta ɗinka, maharbi yana sa abin da aka yi musamman domin aikinsa. Da auduga ta koma hajar fitarwa, daji kuma ya koma gona, sai ya koma sa abin da aka ɗinka wa wani mutum a wata ƙasa, yana yi masa kwaskwarima domin ya dace da dawa.

3.1 Ƙasar Da Irin Ɗarinta

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce kudancin Jihar Katsina, wato gundumomin Sarkin Maska da Galadiman Katsina da maƙwabtansu, waɗanda a yau suka ƙunshi ƙananan hukumomin Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara. Ƙasa ce mai tudu, domin garin Funtuwa yana kan tsayin kimanin mita 700 daga doron teku, kuma daga wannan yanki ne Gulbin Sakkwato ya taso. Tana da laka mai ƙarfi, ruwan samanta kuma ya fi na arewacin jihar, shi ya sa take da duhuwar daji a da, shi ya sa kuma auduga da dawa da masara suke karɓar ta.

Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari. Sanyi shi ne mai laima, irin na damina ko na bakin rafi. Ɗari kuwa busasshe ne, yana zuwa da iskar arewa maso gabas wadda take ratso Hamada ɗauke da ƙura, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Saboda iskar ba ta da laima, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da zarar rana ta faɗi. Don haka a watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka zuwa digiri 12 ko ƙasa da haka da asuba, sannan ya hau zuwa wajen digiri 30 da azahar. A fadamu da gindin duwatsu abin ya fi tsanani, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, can take gangarawa ta kwanta. Wanda ya san ƙasashen ƙanƙara zai ga wannan ba wani abu ba ne, amma tarihi ya nuna ɗarin ƙasar nan ba abin rainawa ba ne. Matafiyin nan Clapperton ya rubuta cewa a watan Disamba na 1823, a kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano, sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙorensu ya yi ɓawon ƙanƙara. Abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Hausawa dai sun ce mai zane ma ya ji ɗari, balle huntu.

To, wannan lokaci shi ne kuma kakar farauta. An kai amfanin gona gida, ciyawa ta bushe ana iya ƙone ta, ruwa ya janye ya bar 'yan tafkuna kaɗan inda namun daji suke taruwa. Maguzawan ƙasar Malumfashi da Ƙanƙara da Ƙafur sun daɗe suna bikin buɗar dawa, wanda yake alamta buɗe daji ga farauta bayan kaka. Ke nan maharbi ba shi da zaɓi, lokacin da nama ya fi samuwa shi ne lokacin da ɗari ya fi cizo.

3.2 Bukatar Maharbi Da Ta Ɗan Farauta

Kafin a shiga bayanin tufafin, ya kamata a rarrabe mutum biyu waɗanda sau da yawa ake haɗa su. Maharbi shi ne wanda ya gaji sana'ar, yana fita shi kaɗai ko da yaronsa, da kwari da baka ko bindigar adaka, yana neman gada da barewa da gwanki da gadu, a da har da ɓauna. Yawancin aikinsa jira ne. Yakan yi bago a kan itace kusa da mashaya, ko ya yi kwanto a gindin dutse tun tsakar dare har gari ya waye, ba motsi, ba tari, ba kuma halin hura wuta, domin hayaƙi da haske suna korar nama. Ɗan farauta kuwa a cikin gayya yake fita, da kiɗa da karnuka da gora da barandami da ƙere, ana ƙona daji ana bin zomo da gafiya da gyazbi da zabin daji a guje.

Bambancin nan shi ne tushen komai. Mai bago jikinsa ba ya haifar da ɗumi saboda ba ya motsi, don haka yana bukatar abin da zai riƙe ɗan ɗumin da yake da shi, ya kuma tare iska. Ɗan farauta kuwa da asuba kawai yake jin ɗari. Kafin hantsi ya jiƙe da gumi, kuma haɗarinsa yana zuwa ne da yamma, lokacin da ya tsaya, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga. Busasshiyar iska tana shanye gumi da sauri, tana tafiya da ɗumin jiki tare da shi. Wannan ne ya sa ciwon haƙarƙari da mura suka zama abokan sana'ar. Har ila yau, dukkansu biyu suna bukatar tufar da ba ta ƙara idan ta gogi reshe, wadda ƙaya ba ta keta ta da sauƙi, wadda launinta ya saje da busasshiyar ciyawa, wadda kuma wuta ba ta lasar ta nan take.

3.3 Suturar Gargajiya

Abubuwa biyu aka gina suturar maharbin da a kansu, fata da saƙi, kuma duka biyun ƙasar tana da su a wadace.

Warki shi ne na farko. Fatar akuya ce ko ta wata dabbar daji da majemi ya jeme da bagaruwa, ana ɗaura ta a ƙugu ta rufe mazaunai, a kan bante ko gajeren wando. Mutanen birni sun ɗauki warki alamar ƙauyanci ko maguzanci, amma wanda ya taɓa zama a kan dutse da asubar Janairu ya san amfaninsa. Ƙasa da dutse suna jan ɗumin jiki fiye da yadda iska take ja, warki kuwa shi ne shimfiɗar da take bin mai ita duk inda ya tsuguna. Ga shi kuma ƙarangiya da sarƙaƙiya ba su kama shi. Bayan warki sai buzu, wato fatar rago ko ta bunsuru da aka bar mata gashinta. Maharbi yakan yafa shi a baya, gashin yana ciki idan ɗari ya yi tsanani, domin gashin yana tsare iska a tsakaninsa, fatar kuma tana tare wadda take kaɗowa daga waje. Idan ya sauka hutawa, shi ne abin kwanciya, ga Musulmi kuma shi ne abin salla. Akan riƙa shafa wa fatun nan mai ana murza su, domin fatar da ta bushe ta ƙandare tana ƙara, ƙara kuwa a wurin bago daidai take da komawa gida hannu rabbana.

Sai rigar saƙi, wadda a nan ne arzikin ƙasar ya fi fitowa. Tun kafin jihadin ƙarni na 19 an san Maska da Gozaki da noman auduga da saƙa da rini. Lokacin cirar auduga ya zo daidai da lokacin farauta, mata suna gurza suna kaɗi a cikin gida, masaƙa suna aiki a ƙofar gida. Zaren da ya shafi maharbi shi ne abawa, wato zare mai kauri wanda ba a murɗa shi sosai ba. Ba shi da kyan gani kamar siririn zaren da ake yi wa rigunan sarauta, amma saboda sakwa-sakwarsa yana riƙe iska a cikinsa, kuma iskar da aka tsare ita ce ainihin abin da yake hana ɗumi fita. Da irin wannan saƙi ake ɗinka wa maharbi taguwa ko 'yar shara, gajera iya cinya, ba faɗi, domin babbar riga mai aska da fuka-fuki ba ta shiga kurmi. Ba a barin ta fara. Akan rina ta da ɓawon itace ko ganye ta koma ja-ja ko ƙasa-ƙasa, ko a tsoma ta a baba ta yi baƙi. Ba a kuma cika wanke ta ba, saboda an ɗauka warin hayaƙi da na daji da ta sha yana ɓoye warin mutum. Idan ɗari ya yi yawa sai a haɗa biyu, ta ciki mara nauyi, ta waje mai kauri, a ɗaure tsakiya da ɗamara. Ɗamarar nan ba domin rataya wuƙa kawai take ba, tana hana iska shiga ta ƙasan riga ta fita ta wuya. Da rana ta take sai a cire ta waje a cusa a burgami. Mai kwana a dawa kuma yakan ƙara da gwado ko luru, ya naɗe shi ya saɓa a kafaɗa.

A kan rigar ne ake ɗinka layu, a ɗaura guru da kambu da daga. Babu shakka ba domin ɗari aka yi su ba, an yi su ne domin tsari daga ƙaho da haure da iskokin daji, da kuma neman ɓacewa daga idon nama. Amma duk wanda ya ɗaga tsohuwar rigar maharbi zai ji nauyinta, zai kuma ga cewa jeren layun da aka rufe da fata sun lulluɓe ƙirji da baya kamar sulke. Ko maharbi bai yi nufi ba, wannan rufi ne na biyu a daidai inda jiki ya fi bukata.

Ga kai akwai hular haɓar-kada, mai leɓatu biyu waɗanda ake saukewa su rufe kunnuwa da asuba, a naɗe su sama idan rana ta yi ko idan ana son sauraron motsi. A cikin dukkan kayan maharbi da wuya a sami wanda ya kai ta dacewa da yanayin da yake juyawa sau biyu a yini. Wasu sukan ƙara da ɗan guntun rawani su ja amawali ya rufe hanci da baki saboda ƙura. Mai farautar burtu kuwa, wanda yake ɗaura kan tsuntsun a goshi ya duƙa yana kwaikwayon tafiyarsa har ya kusanci nama, yakan lulluɓa da baƙin zane domin ya yi kama da jikin tsuntsun, zanen kuma ya zame masa mayafi.

Ƙafa ita ce inda suturar gargajiya ta gaza. Takalmin fata buɗaɗɗe ne, da yawa ma sukan cire shi idan za su yi sanɗa. Sakamakon haka shi ne kaushi da faso, wanda yakan tsage har ya yi jini. Maganin da aka sani shi ne man kaɗanya ko man shanu, a shafe ƙafa da hannu da leɓe kafin a fita. Sauran kariyar kuma daga ciki take, wato kunu mai citta da masoro da barkono, da goro, da ƙyastu da ƙanƙara a cikin burgami domin hura wuta idan an tashi daga bago.

3.4 Zuwan Turawa Da Juyawar Auduga

Turawan Ingila sun ci Katsina a 1903. Shekara guda kafin nan, wato 1902, masu masaƙun Manchester sun kafa ƙungiyar BCGA domin neman wa injinansu auduga daga ƙasashen da Ingila take mulka, kuma ba a daɗe ba idonsu ya faɗa kan ƙasar da ke tsakanin Zariya da Gusau. An shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912, aka kafa gonar iri a Daudawa, aka gina injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. A ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Funtuwa ta bunƙasa har ta shafe Maska, hedikwatar gunduma ma ta koma can. Haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, don haka manomi ya ga ya fi masa sauƙi ya kai audugarsa fuloti a auna a biya shi.

Bai kamata a ɗauka cewa saƙa ta mutu nan take ba. Shekaru da dama masaƙan gida suna gogayya da kamfani wajen sayen auduga, wani lokaci ma suna biya fiye da shi. Abin da ya faru a hankali ya faru. Akoko da alawayyo da kaki suka cika kasuwa, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, daga baya Funtuwa ma ta sami tata masaƙar. 'Yan mata suka rage koyon kaɗi, abawa ta yi wuyar samu, masaƙin da ya tsufa bai bar magaji ba. Yadin inji ya fi araha, ya fi laushi, amma siriri ne matsattse, ba ya riƙe ɗumi kamar saƙi. Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ta fi kowace noman auduga a lardin ita ce maharbinta ya rasa rigar auduga mai kauri.

Giɓin da aka samu kayan soja ne suka fara cike shi. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama a 1945 da 1946, da waɗanda aka sallama bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sun shigo ƙauyuka da bargon soja da kabido da suwaita da takalmin but. Maharba sun karɓi waɗannan da hannu biyu, musamman kaki, wanda launinsa ya yi daidai da dajin rani. But da safa kuma su ne suka fara magance matsalar ƙafa, ko da yake but yana da ƙara a kan busasshen ganye, shi ya sa masu sanɗa da yawa suka fi son takalmin taya ko na roba.

A ɓangaren fata ma an sami canji. Dokar kare namun daji ta 1916, da wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1963, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985, duk sun taƙaita dabbobin da aka yarda a harba. Fatar akuya kuwa ta zama hajar da kamfanoni suke saye suna fitarwa. Amma abin da ya fi kashe warki shi ne kunya. Yayin da Musulunci da Kiristanci da boko suka ƙara shiga ƙauyukan Maguzawa, sai saurayi ya ga ɗaura warki abin gori ne, ya bar wa tsofaffi.

3.5 Zamanin Gwanjo

Tun daga shekarun 1970 gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tufafi, amma hanin bai hana dilolin gwanjo ratsowa ta Kwatano da Jamhuriyar Nijar ba. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sai gwanjo ya zama suturar talaka. Daga kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna ake sarin jaket da suwaita da hular sanyi da safar hannu a baza su kasuwannin ƙauye da zarar iska ta juya.

A gaskiya gwanjo ya yi wa maharbi rana. Jaket ɗin da aka ɗinka domin hunturun Turai ya fi kowane saƙi ɗumi, ba shi da nauyi, ga aljihuna, ga zif da ake buɗewa idan an ji zafi. Suwaitar ulu kuma tana riƙe ɗumi ko da ta ɗan jiƙe, abin da auduga ba ta yi. Haka kuma ya zo daidai lokacin da aka fara tafiya farauta a bayan buɗaɗɗiyar mota ko a kan babur, inda iskar asuba take ratsa ƙashi. Sai dai yawancin jaket ɗin na leda ne, kuma leda tana da aibi uku a dawa. Tana ƙara idan ta gogi reshe, tana kulle gumi a ciki, sannan mafi muni, idan tartsatsi ya taɓa ta ba ci take kamar auduga ba, narkewa take ta manne a fata. Ga mutanen da suke farauta da ƙunar daji, suke kuma kwana a gefen wuta, suke ɗura albarushi da hannu, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Dabarar da maharba suka yi ita ce su sa jaket ko suwaita a ciki, su ɗora rigar layu a kai. Ta haka rigar gado ta zama murfin da yake kashe ƙara da ƙyalli, yake kuma tare ƙaya da tartsatsi, gwanjo kuma yana aikin ɗumi daga ciki.

3.6 Ƙarewar Daji

A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya shafi gundumomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara. Taki da hanyoyi da masara sun shiga ko'ina, jama'a ta ƙaru, saura da kurmi suka koma gona. Manyan namun daji suka janye yamma, zuwa dajin Kogo da ke ƙasar Faskari da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara da Birnin Gwari. Maharbin da yake son bago sai ya yi tafiya mai nisa.

Daga shekarun 2010 kuwa waɗannan dazuzzuka suka zama mafakar 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020, ana tsakiyar hunturu, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo gandun daji na ƙasa. Maharba da yawa sun bar bin nama sun koma sintiri, saboda su ne suka san hanyoyin daji, kuma a watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai nata kayan sarki.

Wannan hali ya taɓa sutura ta hanyar da ba a taɓa gani ba. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, 'yan bindiga kuma sun yi suna wajen sa rigar soja da naɗa rawani su rufe fuska. Ke nan abubuwa biyun da maharbi ya daɗe yana dogara da su a kan ɗari da ƙura, wato jaket mai launin daji da amawali, su ne suka zama kamannin wanda ake tsoro. Mutumin da ya fito daga daji da asuba a cikin wannan shiga, da bindiga a kafaɗa, yana iya gamuwa da harsashin jami'in tsaro ko fushin mutanen ƙauye kafin a tambaye shi ko shi wane ne. Saboda haka rigar layu ta sami sabon aiki, domin ita ce take shaida wa mai kallo tun daga nesa cewa wannan maharbi ne. Mai gadin gari a daren Janairu a Faskari ko Sabuwa zaman bago yake yi kamar kakansa, ba motsi, ba wuta, sai dai abin da yake jira ya canza. Warki da haɓar-kada kuwa an fi ganin su yanzu a ranar hawan salla, a jikin tawagar Sarkin Baka da 'yan tauri.